Abin da ya faru da aka sauya wa labaran Hausa suna da lokaci a tasharmu ta Legas

Na daɗe ina shirya labaran Hausa a wata tashar talabijin mai zaman kanta a nan Legas, kuma ni aka ɗora wa ɗawainiyar takardu a ƙarshen 2022, lokacin da shugabannin tashar suka yanke shawarar yi wa shirin sabon suna, sabon lokaci da sabon dandamali. Abin bai yi albarka ba. Shekara ba ta zagayo ba sai da aka koma gidan jiya, bayan kuɗi sun tafi, masu kallo sun watse, wasu abokan aiki kuma sun kama gabansu. Ba zan ambaci sunan tashar ko na wani mutum ba, domin yawancinsu har gobe muna gaisawa, kuma babu wanda ya yi da mugun nufi. Na rubuta ne saboda 'yan'uwa da ke ƙananan tashoshi suna yawan kirana da tambaya iri ɗaya: in za a sauya wa shiri fasali, wane ofis ake fara zuwa, me ake kaiwa, kuma ta ina kuɗi ke zurarewa.

Sai an san masu kallonmu kafin a gane sauran zancen. Talabijin ta fara a Najeriya a Ibadan a 1959, Legas ta samu tashar gwamnatin tarayya a 1962, gwamnatin Lateef Jakande ta buɗe ta jiha a 1980, sannan dokar 1992 ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, wato NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar tasha. Duk tsawon wannan lokaci Turanci da Yarbanci ne ke da fili a Legas, Hausa kuwa sai ɗan abin da aka sammata. Namu rabon minti 30 ne, ƙarfe 9:00 na dare. Masu jin Turanci a wannan lokaci suna wurin labaran NTA, don haka shekara da shekaru babu mai rububin sa'ar, mu kuwa ta yi mana daidai. An idar da isha'i, 'yan gwari na kasuwar Mile 12 sun rufe lissafi, mahautan Oko-Oba sun yi wanka sun sauya kaya, direbobin tanka a Apapa sun samu wurin zama. Yawancinsu ba a falo suke kallo ba. A teburin mai shayi ne, ko shagon aski, ko rumfar mai cajin waya, akwati ɗaya benci cike da mutane. Bayan labaran ƙasa mukan kawo rahoton da wakilanmu suka ɗauko daga Agege, Idi Araba, Obalende ko Alaba Rago, da farashin kwandon tumatir da buhun albasa, sai sanarwa: rasuwa, ɗaurin aure, cigiyar yaro, taron ƙungiya. Ana biyan ɗan kuɗi a kan kowace sanarwa, a karɓi rasit. Lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ta ƙara huɗu a Satumba, a wurinmu matasa da yawa suka ji iyakar inda dokar ta tsaya, da harshen da suke fahimta.

Maganar sauyin ta taso a wani taro a ofishin janar manaja, jim kaɗan bayan an buɗe yaƙin neman zaɓe ranar 28 ga Satumban 2022. Gaskiya tashar tana cikin matsi. Farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu a wannan shekara, ga shi janareta ne ke riƙe da mu dare da rana. A watan Agusta NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin naira biliyan 2.6, kuma ko da yake an jingine matakin daga baya, hantar kowane mai tasha ta kaɗa. Ana cikin haka tallan 'yan siyasa ya fara shigowa, wani mai shirya muhawara da Turanci ya zo da kuɗi a hannu yana neman ƙarfe tara. Maimakon a gaya mana kai tsaye cewa an sayar da lokacinmu, sai aka naɗe maganar cikin batun zamanantar da shiri. Aka ɗauko wani kamfanin ba da shawara, suka haska mana hotuna a bango: sabon suna rabi Turanci rabi Hausa, mai karatu a tsaye, kowane labari kada ya wuce minti ɗaya, a cire sanarwa, a dawo da shirin ƙarfe 6:30 na yamma. Na tambaye su wa suka ji ta bakinsa. Ashe tambayoyi suka rarraba da Turanci aka cike ta intanet. Na ce wa manaja, "Oga, wanda ya cike wannan takarda ba shi ke kallonmu ba. Shida da rabi mutanenmu suna cikin gosulo ko suna alwala." Ya saurare ni har na gama, ya ce an riga an sa hannu da mai sayen lokacin, abin da ya rage mu yi aikin da kyau.

Matakin farko na cikin gida ne. Ana rubuta takardar neman amincewa, ta bi ta hannun shugaban sashen labarai, ta je sashen kasuwanci, ta je wurin akanta, sannan manaja. Akanta ba ya sakin ko kwabo sai an kawo masa farashi daga kamfanoni uku a kan kowane aiki: kafinta, mai zanen kwamfuta, mai kiɗa, mai buga takardu. A nan muka fara cin tuntuɓe, domin wasu sun kawo farashi ba tare da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ba, sai da aka zo biya giɓin ya bayyana, aka sake mayar da takarda baya don neman ciko. Duk wanda zai karɓi farashi ya sa a rubuta masa ƙarara ko da haraji a ciki. Abin da ya fi damuna a wannan kasafi shi ne rabonsa. Kaso mafi tsoka ya tafi ga kamfanin shawara da gyaran sutudiyo, sai allunan talla. Kuɗin motar wakilai, wanda da shi ake shiga kasuwa a ɗauko muryar mutane, shi aka zaftare don a cike sauran.

Sai batun suna. Mutane da yawa suna ɗauka rajistar kamfani a hukumar CAC ta wadatar, alhali ba ta kare sunan shiri. Sunan shiri da tambarinsa ana yi musu rajista ne a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ka, a shigar da buƙata, a samu takardar shaidar karɓa, daga baya takardar amincewa, sannan a buga sunan a mujallar ofishin a jira wata biyu ko wani zai yi ƙorafi, kafin satifiket ya fito. Masu harkar talabijin sukan nema a rukuni na 38 na watsa shirye-shirye da na 41 na nishaɗi da ilimantarwa, kowane rukuni da kuɗinsa, ga ladan lauya. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14. Mu dai aka yi mana baibai. Kamfanin shawara ya riga ya ba da bugun riguna, sitika da murfin makirufo kafin lauyan tasha ya yi bincike. Da ya yi, sai ga wani ya shigar da suna mai kama da namu ƙwarai a rukuni na 41. Dole aka ƙara kalma ɗaya a sunan, aka sake zana tambari, kwalayen kayan da aka buga suka tafi sito ko buɗe su ba a yi ba.

NBC ba ta ba mu wahala ba, amma tana da lokacinta da ba a wasa da shi. Kundin ƙa'idojinta ya ce kowace tasha ta miƙa jadawalin shirye-shiryenta na wata uku-uku, tare da taƙaitaccen bayanin duk wani sabon shiri ko wanda aka sauya wa fasali, aƙalla mako ɗaya kafin zangon ya fara. Tunda an sa farkon Janairu a matsayin ranar ƙaddamarwa, sai takardunmu su isa kafin makon ƙarshe na Disamba. Na kai wasiƙa mai ɗauke da sa hannun manaja, da jadawalin, da bayanin shirin a shafi ɗaya, ofishin shiyya na Legas. Na tarar da ma'aikatan wasu tashoshi su ma sun kawo nasu, na ɗan jira, aka buga min hatimi a kwafin da na riƙe. Wannan kwafi a adana shi, ranar da za a neme shi tana zuwa. A lura kuma, sauya sunan shiri daban yake da sauya sunan tasha ko tambarinta, wanda shi sai da amincewar hukumar. Wajen haɗa waɗannan takardu ne jami'inmu mai kula da bin ƙa'ida, wani dattijo Bayarabe da ya tsufa a aikin, ya ga hoton sabon dandamali ya kira ni. An kafa tambarin wani kamfanin abinci a bayan mai karanta labarai, domin da shi aka yi yarjejeniyar ɗaukar nauyin shirin. Ya buɗe kundin ya nuna min inda aka hana ɗaukar nauyin labarai ta kowace fuska, har da sa tambari a bango. Kafinta ya dawo ya ɓamɓare allon, kamfanin abincin kuma ya ce ba haka aka yi da shi ba, ya rage kuɗinsa zuwa na gajeren talla a lokacin hutu. Alhali da kuɗin ɗaukar nauyin nan aka yi lissafin biyan rabin aikin.

Daga nan sai tallata shirin a waje. Duk tallan da za a fitar ga jama'a sai kwamitin tantancewa na hukumar kula da harkar talla, wato ARCON, ya duba shi tukuna. Ita ce ta maye gurbin APCON a 2022, ofishinta na Legas yana Iganmu, kusa da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa. Ba kowa ke miƙa talla ba, sai mai rajista a sana'ar, don haka muka bi ta hannun wata ma'aikaciyarmu ta sashen kasuwanci. Tana kallon bidiyon ta dakatar da shi. An cika shi da hotunan da aka sayo ta intanet, fuskokin Turawa da Larabawa riƙe da waya, alhali tun 1 ga Oktoban 2022 hukumar ta hana amfani da baƙi ko muryarsu a tallan da za a nuna a Najeriya. Aka sake ɗauka cikin gaggawa da ma'aikatan ofis, kuma da yake lokaci ya ƙure, aka biya kuɗin tantancewar gaggawa, wanda ya fi na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba. Allunan titi kuwa hurumin hukumar LASAA ne ta jihar Legas, wadda aka kafa a 2006. Ana biyan izini gwargwadon girman allo da unguwar da yake, har motar ofis in an liƙa mata talla sai an biya. Kuɗin da muka biya halal ne, ƙa'ida ce. Abin takaicin shi ne wuraren da kamfanin shawara ya zaɓa: hanyar Lekki da tsakiyar Ikeja, rubutu da Turanci zalla. Ko allo ɗaya ba a kafa a Agege ko bakin Mile 12 ba. Na roƙi a ba ni kuɗin buga 'yan takardun hannu da Hausa da ajami in raba a masallatai ranar Juma'a, aka ce kasafi ya ƙare.

Gwajin da muka yi a sutudiyo ya nuna abubuwan da takarda ba ta nunawa. An cire tsohon teburin katako, aka rataya koren yadi a baya domin kwamfuta ta zana ɗaki mai gilashi da fitilu. Yarinyar da za ta karanta labarai ta shigo da atamfa mai ganye kore-kore, sai ga birnin Legas yana leƙowa ta kafaɗarta. Shadda mai maiƙo tana walƙiya a fitila, ƙaramin makirufo yana ɗaukar ƙarar babbar riga duk sa'ad da aka ɗaga hannu, dogon zanna bukar kuma yana taɓo saman hoto tunda yanzu a tsaye ake. Aka ce kowa ya koma kwat ko ƙaramin kaftani marar aiki. Da muka zo rubutun ƙasan allo, sai aka ga nau'in haruffan da aka saya ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, akwatuna kawai ke fitowa a gurbinsu. Mai zanen ya riga ya karɓi kuɗinsa, ya ce gyara sabon aiki ne. Mafitar da aka samu ita ce a riƙa rubuta kanun labarai da Turanci, a shirin Hausa.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne na Baba. Haka kowa ke kiransa a ofis, dattijon da ya fi kowa daɗewa yana karanta labaran. Muryarsa ce mutane suka sani, da yadda yake buɗewa da sallama, da yadda yake sassauta murya in ya zo sanarwar rasuwa ya yi wa mamaci addu'a. Kamfanin shawara ya ce fuskarsa ba ta dace da sabon salo ba, aka mayar da shi teburin fassara. Na nemi a ba shi minti biyu a daren ƙarshe ya yi sallama, ya gaya wa jama'a sabon lokaci da bakinsa, ya gabatar da yaran da za su gaje shi. Aka ce a'a, ana son sabon shirin ya zo wa mutane da ba-zata. Da na kai masa saƙon na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Ka dai kula da yaran, su riƙa tsayawa a inda numfashi ya tsaya." Ya naɗe hularsa ta aiki ya sa a jaka. Yaran kuwa ba su da laifi, haziƙai ne, kuma daga baya su suka fi kowa shan zagi a waya.

Aka ƙaddamar a Janairun 2023 da ɗan biki, aka yanka kek, aka ɗauki hotuna. A makon farko jadawalin da ke fitowa a dikoda bai sauya ba, yana nuna tsohon suna a ƙarfe tara, domin babu wanda ya tura wa kamfanin da ke ɗora mu a tauraron ɗan'adam sabon jadawali a kan lokaci, kowane sashe yana zaton ɗayan ya tura. A Facebook kuma, inda mutanenmu na Kano da Saudiyya ke bin mu, na'ura ta riƙa kashe sautin shirin saboda sabon taken da aka saka mallakar wani ne. Izinin da aka saya na talabijin ne kawai, bai haɗa da intanet ba. Sai da aka koma wurin wani makaɗi a nan Legas ya yi mana sabo, wannan karon da yarjejeniya a rubuce cewa taken namu ne a ko'ina.

Ran nan na tashi ofis da wuri na nufi Agege, wurin wani mai shayi da na san an daɗe ana kallonmu a teburinsa. Shida da rabi na same shi yana jera gwangwanayen madara da burodi, tukunya ba ta ma tafasa ba. Talabijin tana kan kantarsa lulluɓe da tawul, ɗan janaretansa ɗaure da sarƙa a ƙafar tebur. Na ce ya kunna mana labarai. Ya ce, "Haba Malam, ai ba na tayar da inji sai bayan isha'i. Wa zan ƙona wa mai yanzu?" Bai rufe baki ba aka kira magariba, muka tafi masallaci tare. Na zauna har tara. Benci ya cika, ya tayar da inji, hannunsa ya kai tasharmu don sabo, sai ga mutane sanye da kwat suna musu da Turanci. Wani yaro ya karɓi rimot ya mayar Arewa24, wasu suka sa abin ji a kunne suna bin BBC Hausa a waya. Wani bawan Allah da ya gane ni ya matso ya tambaye ni a hankali ko gaskiya ne an rufe shirin Hausa ne saboda zaɓe. Wannan jita-jita ta riga ta zaga unguwa, kuma ba mu da inda za mu ƙaryata ta, tunda masu yaɗa ta ba sa ganinmu.

Sai ga ƙarancin takardun kuɗi. Babban Banki ya sauya fasalin naira, aka sa 31 ga Janairu a matsayin wa'adin tsofaffin kuɗi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace a gari. A Mile 12 motocin gwari suna isowa daga Arewa, mai saye ba shi da kuɗi a hannu, mai sayarwa da yawa ba su da asusun banki, tumatir kuma ba ya jiran kowa. Wannan labarinmu ne, da a tsohon tsari ne da mun kwana a kasuwar da kyamara. A sabon tsari abin da muke da shi guntun fassara ne daga teburin Turanci, kan abin da gwamnan banki ya ce da abin da kotu ta ce. Na shiga kasuwar da kuɗin motata, na gaida wani dattijo cikin shugabannin 'yan gwari, na yi masa bayanin sabon suna da sabon lokaci. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, in ka tashi rumfarka daga layin da aka san ka, ka sauya allo, ka sauya yaron shago, duk rana ɗaya, wa zai neme ka?" Ya ce sun yi rasuwa a makon da ya wuce, sun aika yaro da kuɗin sanarwa aka dawo da shi, sai ta WhatsApp suka sanar.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. Doka ta ce a tsayar da tallan siyasa sa'a 24 kafin ranar zaɓe. Aka yi na shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu, na gwamnoni 18 ga Maris, kuɗin 'yan siyasa ya ɗauke ƙaf. Azumi ya kama 23 ga Maris, shida da rabi ta zama lokacin da kowa ke neman dabino da kunu, mu kanmu a sutudiyo da ruwa a ƙarƙashin tebur muke karatu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar fetur a Legas ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, masu shaguna suka ƙara taƙaita lokacin tayar da inji. 'Yan kasuwar da ke ba mu ƙananan talla, masu maganin gargajiya da kamfanonin motocin Arewa da masu shirya Umara, ɗaya bayan ɗaya suka janye.

Komawa baya ma aiki ne mai takardu. Na san ƙorafin baki ba zai motsa kowa ba, don haka na je wurin kashiya na roƙi littafin rasit na sanarwa da ƙananan talla, na jera abin da shirin ke shigowa da shi kowane wata kafin sauyi da bayansa. Na haɗa da saƙonnin da masu kallo suka turo, da wasiƙar da wasu shugabannin al'ummar Hausawa suka rubuto bisa raɗin kansu suna neman a dawo da shirin lokacinsa. Wannan littafin rasit shi ya yi magana. Sashen kasuwanci ba su taɓa tara waɗannan ƙananan kuɗi wuri ɗaya sun gani ba, domin a tsintsinke suke shigowa. Manaja ya duba ya yi shiru, sannan ya ce a shirya komawa a zangon da zai fara a Yuli. Ban ji daɗin nasara ba a ranar, gajiya kawai na ji. Aka sake bin hanyar nan: takardar amincewa, sabon jadawali da bayani zuwa NBC kafin ƙarshen Yuni, wasiƙa zuwa kamfanin dikoda wadda wannan karon da hannuna na kai na karɓi sa hannu, da neman Facebook ya mayar da sunan shafi, wanda shi ma sai da aka jira. Allunan titi aka bar su har izininsu ya ƙare.

Ba komai ya dawo ba. Yarjejeniyar mai sayen ƙarfe tara tana da sauran watanni, sai aka ba mu 9:30. Tsohon teburin an riga an farfasa shi. Baba ya ajiye aiki bayan ƙaramar salla ya koma gida Arewa, na kira shi na roƙe shi, ya yi godiya ya ce jikoki sun riƙe shi. Wakilanmu biyu da aka daina tura su ɗauko rahoto sun samu aiki a wani wuri. Da lauya ya duba kuma, sai aka ga tsohon sunan da muka yi shekaru muna amfani da shi ba a taɓa yi masa rajista ba, Allah ne ya tsare wani bai ɗauka ba a watannin da muka sake shi. Nan take aka shigar da buƙata. Sanarwa ta dawo, farashin kasuwa ya dawo, masu kallo suna dawowa a hankali, amma teburan shayi da yawa sun riga sun saba da wata tasha a wannan sa'a.

Ga wanda aka ɗora wa irin wannan aiki, abin da zan ce ya fara da shi ba ofis ba ne. Ya je inda ake kallonsa a daidai lokacin da ake son mayar da shirin, ya zauna ya ga ko akwatin ma a kunne yake. Ya tara rasit ɗin abin da shirin ke samarwa tun kafin taron farko, domin a ɗakin taro lissafi ake ji. In dalilin sauyin shi ne an sayar da lokaci, a faɗa wa ma'aikata haka, a nemi wata sa'a da ta dace da salla da tashin kasuwa, kada a haɗa da sauya suna da mai karatu a zango ɗaya. In dole ne a sauya fuska, tsohon ya gabatar da sabon a gaban jama'a, a yi ta nanata sabon lokaci makonni kafin ranar. Ta fuskar takardu kuwa, binciken suna ne farko, kafin a buga ko sitika ɗaya. Mai kula da ƙa'ida ya ga zanen dandamali kafin kafinta ya ɗauki guduma, mai rajistar talla ya ga rubutun bidiyo kafin a ɗauka, mai zanen kwamfuta ya rubuta ƙ, ɗ da ɓ a allo a gani kafin a biya shi cikon kuɗinsa, makaɗi kuma ya sa hannu cewa taken ya haɗa da intanet.

Akwai abu ɗaya da masu tsara jadawali a Legas ke yawan mantawa. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wani lokaci kuma yana ratsa zango biyu, kamar na 2023 da ya fara a ƙarshen Maris ya ƙare a Afrilu. Duk shirin Hausa na dare yana buƙatar lokacinsa na azumi, bayan an sauko daga asham. A duba kalanda tun ana haɗa jadawalin wata uku, a rubuta lokacin azumin a cikin wanda za a kai NBC, a tura wa kamfanin dikoda kwafi a rana ɗaya.